Rigar Ulu Daga Ƙasar Ƙanƙara

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar kifi sai wani ya ce, "Malam Sale, wai da gaske ne rana ba ta fitowa a can?" Kafin in ba shi amsa wani ya jefo tasa, wai ko gaskiya ne na dawo na ƙi ɗaukar 'yar da aka haifa mini. Duka biyun gaskiya ne. Amma yadda ake juya maganar a cikin Hadejia ya ishe ni, har an kai ga cewa Turawa sun yi mini allurar ƙyamar mutane. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina.

Aikina ƙidayar tsuntsaye ne a dausayin Baturiya. Shekara da shekaru ina yawo a kwalekwale da madubin hangen nesa a wuya, masunta na yi mini dariya wai gwamnati na biyana in kalli abin da su suke kora daga gonar shinkafa. Wasu agwagin dajin da ke sauka wurinmu lokacin sanyi daga can arewacin duniya suke tasowa, wani lokaci har da zobe a ƙafa. Masu saka musu zoben ne suka gayyace ni wani horo a arewacin ƙasar Finland, kan yadda ake ɗibar ruwan tafki da kashin tsuntsu a duba murar tsuntsaye. Horon ya faɗo a tsakiyar sanyinsu. Yayana Habu ya ce lallai tsuntsayen sun fi ni hankali, su sun gudo nan, ni kuma zan kai kaina inda suka baro.

Ban so tafiyar ba, domin matata Zainabu na da ciki ya shiga wata na bakwai. Ɗan farinmu bai cika wata uku ba ya koma, numfashi ya gagare shi a hannun uwarsa. A asibiti suka ce limoniya, a gida aka ce sanyi ne ya shige shi. Muka daɗe muna jira kafin Allah ya sake ba mu wani rabon, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Zainabu ce ta matsa in tafi, ta ce ai da sauran lokaci, abin da take so kawai in sayo wa abin da za a haifa rigar sanyi ta gaske, wadda sanyin fadama ba zai ratsa ba. Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Iya, ta ɗaure mini bandar kifi da ƙullin yaji, ta ce ta ji labarin Turawa ba su iya miya ba.

Daga Hadejia zuwa Kano ba abin labari, in ban da tayar da ta fashe mana bayan Gujungu, direba ya ɗora laifin a kan nauyin akwatina. A Kano na shiga kasuwar gwanjo na sayi wata ƙatuwar kwat, mai ita ya rantse mini da irinta ake kwana a kan ƙanƙara. Allah ya isa tsakanina da shi. Daga nan sai Abuja, sai jirgi, aka sauke mu a Istanbul muka canza wani. Ni dai duk inda na ga Baƙar fata sai in bi bayansa, har sai da wani ya juyo ya ce da ni shi fa Kanada za shi.

A filin jirginsu wani kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Wata jami'ar kwastan ta sa na buɗe, ta zaro bandar kifin Iya da yatsu biyu, ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ce mai laifi, sannan ta jefa kifin kogin Hadejia a kwandon shara ina ji ina gani. Ta kwance ƙullin yajin ta kai hanci, ta yi atishawa har hularta ta karkace, ta mayar mini da abina.

Da ƙofar fita ta buɗe na ja numfashin farko, sai na ji gashin hancina ya sandare. Kwat ɗin gwanjo ta zama kamar ba na sanye da komai. Mu da muke cewa ana sanyi a Baturiya in mun ga tururi a kan ruwa da asuba, ashe wasa muke yi. Na shiga jirgin ƙasa mai zuwa arewa, na yi wa wanda ke kusa da ni sallama da Turanci, na tambayi lafiyar iyalinsa. Ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu, ya amsa da kalma ɗaya, ya mayar da kai taga. Haka muka yi doguwar tafiya ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Daga baya na gane ba wulaƙanci ba ne, su a wurinsu barin mutum ya huta shi ne ladabi.

A garin da na sauka na ga abin da ya tsaya mini a rai. A ƙofar wani gidan shayi an jera kekunan jarirai a waje, a cikin dusar ƙanƙara, ba kowa a wurin. Na leƙa ɗaya, sai ga jariri yana barci, kumatu jajur. Na bankaɗa ƙofar na shiga ina nuna waje ina cewa an manta da yara. Iyayen suna zaune suna shan kofi, ɗaya ta yi murmushi ta ce ai da gangan ne, sun fi samun barci a iskar waje. Na fito ina ta jujjuya abin. Mu da ko taga ba ma buɗewa a ɗakin mai jego, ga waɗannan an shanya su a sanyin da ke daskarar da ruwa, kuma ga su ɓul-ɓul.

Masaukinmu gidan katako ne a bakin wani tafki da ya daskare har mota na bi ta kansa. Shugabar horon wata dattijuwa ce gajera, Dakta Aila, ba ta magana sai ta zama dole. Aka haɗa ni ɗaki da wani mutumin Chadi, Abakar, shi ma mai ƙidayar tsuntsaye ne a bakin tafkinsu. Da ya ji daga Hadejia nake ya ce, "Wushe, wushe!" Na amsa masa da ɗan Barbarcin da na tsinta a bakin Iya, domin iyayenta daga can gabas suka taso. Shi ke nan muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Gidan yana da wani ɗan zaure da ba a hura masa ɗumi, inda ake tuɓe takalma da manyan riguna. Ɗakinmu ƙarami ne, don haka a zauren muka bar akwatunanmu.

Abinci kuwa, Iya ta yi gaskiya. Dankalin Turawa da safe, dankalin Turawa da rana, sai kifi mai gishiri da ba a nuna masa wuta ba, da wani baƙin burodi mai tsami. Yajin nan shi ya cece mu, ni da Abakar muna barbaɗawa a ɓoye kamar masu shan magani. Rana ba ta hawa sama, sai dai gari ya yi ɗan haske kamar bayan asuba, kafin ka gama cin abincin rana duhu ya dawo. Sallah sai da waya, kuma kullum sai mun yi gardama da Abakar ko la'asar ce ko magariba. Ranar farko da muka je fasa ƙanƙara don ɗibar ruwa, na cire safar hannu na kama ƙarfen haƙa da jiƙaƙƙen tafi, hannun ya manne. Sai da aka zuba mini ruwan ɗumi, ina ta salati, Turawa na ƙoƙarin ɓoye dariya.

Akwai kuma wani ɗakin zafi da suke shiga duk ƙarshen mako. Su hura wuta a ƙarƙashin duwatsu, su watsa ruwa tururi ya tashi, su zauna ciki suna fyaɗa wa jikinsu ganye. Da aka gayyace mu na leƙa na dawo, na ce da Abakar, "Ɗan'uwa, a garin nan maza ne ke wankan jego." Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. A lokacin ban ɗauki tarin a bakin komai ba.

Ranar hutu muka shiga gari na sayi rigar da aka aike ni. Ta ulu ce, fara, saƙar hannu, mai haɗe da hula da ƙafafu, wata tsohuwa ke sayarwa. Na zaɓi babba, ta ƙaton jariri, don ina sa rai sai wata tara ya cika. Da muka dawo Abakar ya karɓe ta a zaure ya ɗaga yana yabawa, ya kanga ta a fuska wai ya ji laushinta, ya yi mata addu'a, yana yi yana tari. Na ninke ta na sa a saman kaya na rufe akwatin. A zauren nan ne kaɗai waya ke kamawa sosai, saboda haka kullum a kan akwatina yake zama in zai kira gida, ya yi ta hira yana tari yana fyace hanci.

Ba a jima ba ya kwanta warwas. Zazzaɓi, ciwon jiki, tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Aka gwada aka ce mura ce mai tsanani, irin ta mutane, ba ta tsuntsaye ba, kuma tana yawo a garin. Dakta Aila ta raba mana ɗaki, ta tambaye ni me da me ya taɓa a kayana. Na ce kada ta damu, akwatina na zaure, cikin sanyin da ko ƙuda ba ya rayuwa. Da gaske nake faɗa. Tun da na zo ban ga sauro ba, ban ga kyankyaso ba, na ɗauka duk wani abu mai rai da ya kwana a zauren nan ya gama yawo. Ta dube ni, ta ce in biyo ta.

Ta kai ni ɗakin bincike, ta sa safar hannu mai kauri, ta buɗe wata firiza da ta fi ni tsayi. Farin tururi ya malalo ƙasa. Ciki wasu 'yan ƙananan kwalabe ne jere a akwatuna.

"Ka san abin da ke ciki?" in ji ta.

Na ce, "Ruwan da muke ɗebowa."

"Da ƙwayoyin mura. Wasu sun yi shekaru a nan, kuma in na fito da su yau za su iya kama tsuntsu. In muna so su mutu, zafi muke sa musu, ko sabulu, ko sifirit. In muna so su jira mu, sai mu sa su a sanyi."

Ta ce a ɗaki mai ɗumi, ƙwayar da ta sauka a kan ƙarfe ko roba kwana ɗaya ko biyu take yi ta lalace, amma a sanyi irin na zauren tana iya daɗewa ƙwarai fiye da haka. A kan tufafi ba ta kai daɗewar da take yi a kan ƙarfe, sai dai ba wanda zai rantse maka a kan wata riga takamaimai. Ni da na tashi a cikin masunta, na san kifin da aka kama da asuba kafin azahar ya fara wari, sai in an kwantar da shi a ƙanƙara. Kullum ina gani a kasuwa, ban taɓa kawo wa raina cewa cuta ma haka take ba. Sai kuma na tuna ɗakin da ɗan farinmu ya kwanta, tagogi a toshe, garwashi a kasko, 'yan barka cike, ana miƙa shi hannu zuwa hannu, wannan na tari wancan na atishawa. Duk tsaronmu sanyi muke tsaro. Allah ne masanin abin da ya ɗauke shi, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Ana cikin haka Yaya Habu ya kira. Ina zaure a tsaye, nesa da akwatina kamar wani abu zai fito daga ciki.

"Sale, kana jina? Zainabu ta sauka."

Na ce, "Ta sauka ina? Yaya, wata bakwai ne fa!"

"To Allah ya kawo. Mace ce. Bakwaini ce, 'yar mitsitsiya, amma tana kuka, tana kama nono. Likita ya ce a kula da ita ƙwarai, ƙirjinta bai yi ƙwari ba. Iya ta ce in gaya maka ko a ƙafa ne ka iso kafin suna, kuma kada ka manta da rigar."

Farin ciki da tsoro suka haɗu mini wuri ɗaya. Na samu Dakta Aila na gaya mata zan tafi. Ta taya ni murna, ta ba ni kwalbar sifirit da ƙunshin takunkumi. Ta ce in goge akwatin ciki da waje, rigar kuma kada ta taɓa jikin yarinyar sai an wanke ta da sabulu. Sannan ta ce abin da ya fi akwatin haɗari shi ne ni kaina. Na kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya, gwajina bai nuna komai ba, amma cutar kan yi kwanaki a ɓoye, kuma mutum na iya yaɗa ta kafin ya san yana da ita.

Na ce, "To yaya zan yi? 'Yata ce."

Ta ce, "Ka gan ta daga nesa tukuna. Ka ba kanka kamar mako guda."

Na goge akwatin har roba ta dusashe. Ba lokacin wanki da shanya, sai na ƙulle rigar a leda, na sa ledar a wata leda. Na yi wa Abakar sallama ta bayan ƙofa, ya amsa da muryar da ban gane ba, yana ba ni haƙuri. Na ce masa ba laifinsa ba ne, kuma har zuciyata haka ne.

Dawowar nan ban ga komai a hanya ba. A jirgin ƙasa, a jirgin sama, aikina ɗaya ne, in haɗiyi yawu in saurara ko maƙogwaro na ciwo. In na ji ɗumi in ce zazzaɓi ne, in na ji sanyi in ce shi ne. Da muka sauka a Najeriya zafi ya buge ni, ban taɓa son rana kamar ranar ba. A tashar Kano na kama kujerar gaba ni kaɗai, na ɗaura takunkumi, na sauke gilas. Wani dattijo a baya ya ce, "Malam, ai korona ta daɗe da tafiya, ko ba a gaya maka ba?" Mota ta kwashe da dariya. Ni dai ina kallon gonakin shinkafa suna wucewa ina lissafin abin da zan ce wa Iya.

Na iso dab da la'asar, ana gobe suna. Gida cike da mata, ana daka ana suya. Na tsaya a gindin bishiyar maina da ke tsallaken ƙofarmu na aika a yi mini sallama da Iya. Ta fito da sauri, mayafi na jan ƙasa, hannuwa a buɗe. Na ja da baya. Ta ƙara matsowa, na ƙara ja.

"Sale, lafiya? Mene ne wannan a bakinka?"

Na durƙusa daga inda nake na gaishe ta, na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce wanda muka kwana ɗaki ɗaya ya kamu da mura mai tsanani, wataƙila ina ɗauke da ita, ba zan shiga ba sai na ga yadda jikina ya yi.

"Kana tari?"

"A'a."

"Kana zazzaɓi?"

"A'a, Iya."

"To ciwon da ba ka yi shi ne zai hana ka ganin 'yarka? Mutane na cike da gida, me zan ce musu? In ce ɗana ya je Turai ya dawo yana ƙyamarmu?"

Ta sunkuya ta ja akwatin da kanta, ta ce ai dai rigar ta iso, yarinya tun da aka haife ta a cikin zannuwa take, ga sanyin asuba. Na ce don girman Allah kada a sa mata, mara lafiyar ya taɓa ta, kuma a sanyi ta zauna, sanyi ba ya kashe cuta, adana ta yake yi. Sai an wanke ta da sabulu da ruwan zafi, an shanya a rana.

Ran Iya ya ɓaci. Ta ce, "Ni za ka koya wa jego? Na haifi yayanka, na haife ka, na binne uku. Sanyi ne ya kashe mana ɗanku na fari, yanzu an samu maganin sanyi kana cewa a jiƙa shi?"

Mata sun taru a bakin zaure. Sai na ji muryar Zainabu daga tagar ɗakinta da ke kallon titi. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta sa baki a maganar Iya ba.

"Iya, ki yi haƙuri, ki bar shi. Wancan a hannuna ya cika. Ba zan iya sake gani ba."

Iya ta ja akwatin ta shige ciki ba ta waiwayo ni ba, kuma ban san abin da za ta yi da rigar ba. Zainabu ta ɗaga labule ta ɗago yarinyar a tafin hannuwanta. Daga inda nake ban ga komai ba sai ƙunshin zane da wani ɗan jan abu kamar dunƙulen hannu. Na kwana a wani shagon Yaya Habu da ba kowa a ciki.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo goro da dabino, rago na ɗaure. Ni ina tsallake a gindin maina, abokaina na yafito ni ina ɗaga musu hannu. Liman tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi. Ya ce uban yarinya ya matso ya gaya masa suna a kunne kamar yadda aka saba. Na ce daga nan zan faɗa, sunan Iya na sa mata. Liman ya ce, "Madalla. To mene ne sunan nata na yanka?" Aka dubi juna. Shekara da shekaru Iya ake ce mata, mahaifinmu ya rasu, 'yan'uwanta na can gabas, ba namiji ɗaya a kan tabarmar da ya sani sai Yaya Habu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ya bar ni da Allah.

Tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a makaranta in aka tambaya rubutawa nake yi. Da a kunnen Liman ne da sauƙi, ba mai ji sai shi. Na faɗa a hankali, takunkumi ya cinye. Liman ya kama kunne ya ce, "Me ya ce?" Na rufe ido na ɗaga murya, a tsakiyar titi, a gaban surukaina da maƙwabta, na ce, "Falmata!" Hayaniyar mata a cikin gida ta ɗauke ɗif. Wani ya yi salati, wani ya tuntsire da dariya, Liman ya shafa fatiha aka yanka rago. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin la'asar ɗin ranar jikina ya fara rawa. Ina jin ƙamshin suyar naman suna, haƙorana na haɗuwa a cikin rana. Ban jira kowa ba, na ɗauki babur ɗina na tafi Baturiya, na shige ɗakin da muke ajiye kayan aiki. Na sha wuya a ɗakin nan. Tari, zazzaɓi, kai kamar ana sara, ga agwagin nan na Turai suna ta kuka a kan ruwa kamar suna yi mini dariya. Amma ciwon bai dame ni kamar tunani ba. Iya ta taɓa akwatin, ta tsaya kusa da ni, daga nan ɗakin mai jego ta shiga. Kullum da safe in kira Zainabu in ce ta kara wayar a hancin yarinyar in ji numfashinta. In tambaya an sa mata rigar, ta ce Iya ta shige da ita ɗakinta, ba wanda ya isa ya tambaya. In na ce a ba Iya waya sai a ce tana aiki. Sai dai duk bayan kwana biyu Yaya Habu zai zo ya ajiye mini kwanon farfesun kifi a bakin ƙofa, kuma na san hannun da ya dafa.

Da na warke na ƙara kwanaki a kai, har sai da tarin ya ɗauke gaba ɗaya. Na wanke kayana na shanya a rana, na yi wanka, na kama hanyar gida gabana na faɗuwa fiye da ranar da na sauka a ƙasar mutane. Na yi sallama a ƙofar ɗakin Zainabu. Iya ce a zaune a bakin gado da yarinyar a cinya, ta amsa ba ta ɗago ba. Na wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa, na shiga na durƙusa. Sai na ga yarinyar sanye da wata 'yar farar riga mai hula, ta zauna mata cif kamar an gwada. Na ce a ina aka samo wannan, ai wadda na kawo ta ninka ta biyu.

Iya ta ce, "Ita ce. Ka ce ruwan zafi, ni kuwa na ce in za a yi a yi mai dalili. Tafasa ta na yi a tukunya kamar ganda, na shanya, na sake tafasawa. Da na tsamo ta na ga ta tsuke, na zauna na yi kuka na ce na lalata wa yaro tsarabarsa. Ashe awon takwarata ake yi."

Ta miƙo mini ita. Ba ta da nauyin komai, amma ina jin ƙirjinta na hawa yana sauka a tafin hannuna, a hankali, ba gargada. Hawaye ya zubo mini, ban iya ɓoyewa ba.

Iya ta ce, "Riƙe ta da kyau. Kuma tun da ka iya faɗar sunan a titi, sai ka faɗa mata a kunne, ba ta ji daga bakin ubanta ba tukuna."